A Daina Gina Wa Masu Gida, A Shimfiɗa Wa Talaka Fili

Muhawarar da ake yi a gidajen rediyo kan tsadar haya ta koma magana biyu da ake ta nanatawa. Masu adawa su ce gwamnati ta gaza, ta fito ta gina wa talaka gidaje. Masu kare gwamnati su ce baitulmali ba kuɗi, bashi ya yi katutu, a ƙara haƙuri, ga ma rukunin gidaje can an aza harsashinsa a Karsana ta Abuja. Abin da ke damuna shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan zato guda ba tare da sun lura ba. Dukansu suna ganin maganin matsalar muhalli shi ne a ba ɗan kwangila kuɗi ya gina gida, a shafa fenti, a gayyato manyan baƙi, a miƙa makulli.

Ra'ayina shi ne gwamnati ta rage gina gidajen sayarwa, domin ba sa isa hannun wanda ake ambaton sunansa wajen ware kuɗin. Ta mayar da kuɗin kan fili mai takarda, da hanya, da magudanar ruwa, da bashin gini kaɗan-kaɗan. Maganar "babu kuɗi" kuwa ba ta hana wannan, kuma gwamnonin jihohi sun fi Abuja alhaki a kai.

Lissafin albashi

Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ba ko'ina ma'aikatan ƙananan hukumomi suka fara ganinsa ba. Ƙa'idar masu ba da bashin gida ita ce abin da za a riƙa cira duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Wato kusan naira 23,000.

Bashi mafi sauƙi a ƙasar nan shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. Kuɗin ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne, a biya cikin shekara 30. A wannan tsari kowace naira miliyan ɗaya tana cin kusan naira 6,000 a wata. To mai naira 23,000 ba zai samu bashin da ya kai miliyan huɗu ba.

Ahmed Musa Dangiwa, lokacin yana ministan gidaje, ya faɗa da bakinsa cewa gida mai ɗaki ɗaya a rukunin da aka gina da kuɗin kasafi yana kamawa miliyan 8 zuwa 9, wanda aka gina da haɗin gwiwar 'yan kasuwa kuma ya haura miliyan 20. Gidan miliyan 9 yana neman naira 54,000 duk wata, wato albashin da ya kai naira 160,000. Wannan kuma ga matashi ne. Bashin dole ya ƙare kafin mutum ya cika shekara 60, don haka mai shekara 45 shekara 15 kawai ta rage masa, kuma kowace miliyan sai ta ci fiye da naira 8,400 a wata. Ɗaki ɗaya fa ake magana, ga magidanci mai mata da 'ya'ya shida da tsohuwa a gida.

Duk da haka, ana yankar kashi biyu da rabi na albashin ƙaramin ma'aikacin gwamnati ana zubawa a asusun. Idan bai samu bashin ba, sai ya yi ritaya a mayar masa da kuɗinsa da ribar kashi 2, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024. Masinja da malamin firamare suna tarawa, darakta yana ranta a kashi 6. Da aka ɗaga iyakar bashin daga miliyan 15 zuwa miliyan 50, wa aka buɗe wa ƙofa?

Wannan duk ga mai albashi ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna fiye da kashi 90 na masu aiki a Najeriya ba su da takardar albashi: ɗan acaba, tela, mai shayi, mai facin taya, manomi. Ga kuma ɗimbin Musulmin da ba za su karɓi bashi mai ruwa ba ko da kashi ɗaya ne.

An gwada ba sau ɗaya ba

Gwamnatin Shehu Shagari ta yi alkawarin gidaje 40,000 a kowace shekara. Ba a kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka tsara ba, kuma a wasu jihohin rigimar jam'iyya tsakanin tarayya da gwamnoni ta sa aka ba da fili can bayan gari inda babu ruwa babu mota. A 1994 aka sake alkawarin gidaje 121,000, jama'a suka biya kuɗin ajiya, ko kashi biyar ba a gina ba. A Kano an gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gidaje masu kyau ƙwarai, amma da yawansu suka shekara da shekaru a rufe a hannun waɗanda suka saya suka ajiye, har sai da gwamnatin jiha ta yi musu barazanar ƙwacewa idan ba su tare ko sun ba da haya ba.

Ko da an cire cuwa-cuwa gaba ɗaya, lissafin ba ya fita. An daɗe ana cewa giɓin gidaje miliyan 17 ne, wasu su ce 28, tsohon minista Babatunde Fashola ma ya ce alƙaluman ba su da tushe. A ɗauki miliyan 17 ɗin a miliyan 9 kowanne: naira tiriliyan 153 ke nan. Kasafin tarayya na 2025 gaba ɗayansa, da albashi da tsaro da biyan bashi, bai kai tiriliyan 55 ba. Rukunin gidaje 250 a jiha mai mutum miliyan bakwai ko goma ba zai taɓa sauke kuɗin haya a unguwa ko ɗaya ba. Masu cewa "a gina ƙari" su dubi wannan adadi da kyau.

To, da gaske babu kuɗin?

Masu wannan hujja suna da gaskiya a wani ɓangare. Biyan bashi kaɗai an ware masa sama da tiriliyan 14 a kasafin 2025. Kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27 da rabi a ƙarshen 2024, kuma duk ƙarin rancen da gwamnati ta ci a cikin gida yana ƙara wa ɗan kasuwa tsadar bashi. Wanda ya ce a buga kuɗi a gina gidaje, farashin siminti da shinkafa yake kira ya ƙara tashi.

Amma tsuke bakin aljihu yana da sharaɗi, shi ne ya shafi kowa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. Aka saki naira, dala ta tashi daga kusan 460 ta wuce 1,500. Talaka ya biya wannan da kuɗin mota da kuɗin abinci da kuɗin haya. A cikin wannan tsakanin aka saya wa 'yan majalisar tarayya motocin da rahotanni suka ce kowace ta kai kusan miliyan 160. Aka ƙarasa gidan mataimakin shugaban ƙasa a kan biliyan 21, kuɗin da ya yi daidai da gidaje sama da 2,300 na miliyan 9. Aka sayo sabon jirgin shugaban ƙasa. Sai mu faɗi wanda ya shafe mu ma, domin adalci: an ba da tallafin biliyan 90 ga aikin Hajjin 2024, ibadar da Allah bai wajabta ta ba sai ga mai iko.

Soke waɗannan ba zai rufe giɓin gidaje ba, lissafin da ke sama ya nuna haka. Abin da suke nunawa shi ne idan an so abu ana samo kuɗinsa.

Jihohi kuma ba su da bakin cewa babu. Kason da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya bai kai tiriliyan ɗaya ba kafin cire tallafi, a wasu watannin 2025 kuwa ya haura tiriliyan biyu. Darajar naira ta faɗi, haka ne, amma kuɗin ya ƙaru a hannun gwamnoni fiye da yadda ya ƙaru a hannun kowa. Mafi yawansa gadojin sama da tagwayen hanyoyi na tsakiyar birni yake tafiya, saboda su ake gani a hoto.

Akwai kuma tsumin da asara ce. Ingila misali ce. Tun 1980 aka fara sayar wa mazauna gidajen ƙananan hukumomi, aka sayar da kusan miliyan biyu ba a maye gurbin mafi yawansu ba. A 2010 gwamnatin David Cameron ta zaftare kuɗin gina gidaje masu rahusa da kusan kashi 60 da sunan tsuke aljihu. Yau ƙananan hukumomin ƙasar suna kashe sama da fam biliyan biyu a shekara wajen ajiye iyalai marasa muhalli a masaukin wucin gadi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Namu salon shi ne a ƙi kashe kuɗin kwalbati a rani, a zo da damina ana rabon tabarma da buhun shinkafa ga waɗanda ruwa ya ci gidajensu, kowace shekara.

Yadda ake gini a zahiri

Kusan duk gidan da ke bayan ganuwar Kano, ko Rigasa a Kaduna, ko gefen Gusau da Bauchi, mai shi ne ya gina da kansa, a hankali. Ya sayi fili da kuɗin adashi ko na gado ko na amfanin gona. Ya zagaye. Bayan shekara ya buga bulo, ya kai linta. Ya jira. Ya sayi kwano bandir biyu ya rufe ɗaki biyu, ya haƙa masai, ya tare ba filasta ba silin. Sauran ya ƙarasa yana ciki. Wannan tsari ne ke samar da gidaje a ƙasar nan, kuma ba ya cin kobo na gwamnati.

Inda yake lalacewa shi ne tun daga filin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna. Idan gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar shuka da gini da bishiyoyi kawai take biya, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Manomin da ke bakin gari ya san haka. Da ya ga gari ya tunkaro shi, sai ya riga gwamnati: ya kira dillali da mai unguwa, a kawo igiya, a yayyanka gonar. Wannan shi ne awon igiya. Kowace ƙafa da aka bar wa hanya asara ce ga mai gona, don haka lungu ba ya wuce mita biyu zuwa uku. Ba a barin wurin makaranta, ba a barin maƙabarta, ba a duba inda ruwan sama ke bi, wani lokaci ma a cike kududdufin da ke tare ruwan unguwa a sayar da shi.

Sakamakon kowa ya san shi. Motar kashe gobara ba ta shiga. Mai naƙuda sai an ɗauko ta zuwa bakin titi. Masai yana jingine da rijiyar maƙwabci, alhali tazarar da ake so aƙalla mita 15 ce, an fi son 30, shi ya sa amai da gudawa ke dawowa duk damina. Bayan shekara ashirin gwamnati ta zo za ta fitar da hanya, sai an yi rusau an biya diyyar gine-gine, a kashe ninkin-ba-ninkin abin da za a kashe tun wurin yana gona.

Takardar fili kuma ita ce matsala ta biyu. Mai awon igiya takardar ciniki ce kawai a hannunsa, mai sa hannun shaidu da dagaci. Banki ba ya karɓarta. Neman shaidar mallaka ta gwamnati yana bi ta cike fom, da awon safiyo da dasa duwatsu, da amincewar hukumar tsara birni, da takardar ba da fili, da kuɗin ƙasa, sannan a jira sa hannun gwamna. Idan za a sayar ko a jinginar, sashe na 22 na dokar ya ce sai an sake neman yardar gwamna, da kuɗinta da harajin hatimi da na rajista. Ma'aikatar gidaje ta tarayya da kanta ta ce fiye da kashi 90 na filayen ƙasar ba su da rajista.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi

Gwamnatin jiha ta riga gini isa wurin. Ta zauna da masu gonakin bakin gari, ta ba su kaso mai tsoka na filayen da za a fitar a madadin diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, domin fili mai hanya da takarda ya fi gonarsu duka daraja. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. A cire kusan kashi 35 don hanyoyi da makaranta da asibiti da kasuwa da masallaci. Abin da ya rage zai ba da filaye 14 masu ƙafa 50 da 100, ko kuma 28 masu ƙafa 50 da 50. Na biyun ya kamata a fi yawaitawa.

Babbar hanya a bar mata mita 15, ta cikin unguwa mita 9. Ba sai an zuba kwalta a farko ba, jar ƙasa da aka daddanne ta isa shekaru, muddin an gina kwata da kwalbati, domin ruwa ne ke cinye hanya. Abin da ba ya gyaruwa daga baya shi ne faɗin hanya da mafitar ruwa, don haka su za a fara tabbatarwa. Sai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da turakun lantarki. Kuma wurin ya kasance inda motar haya ke zuwa. A farashin fetur na yau, gidan da ke nesa da kasuwa da kilomita 25 ko kyauta aka ba ɗan dako ba zai zauna ba.

An yi irin wannan a Dakar ta Senegal tun farkon shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, a unguwar da ake kira Parcelles Assainies. An ba mutane fili da hanya da ruwa, suka gina da kansu, yau tana cikin manyan unguwannin birnin. A ɓangaren takarda kuma, Ruwanda ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista tsakanin 2009 da 2013, ta hanyar bin ƙauye-ƙauye da hoton sama, maƙwabta suna tsaye ana nuna iyaka. Jihohinmu suna da hukumomin taswirar ƙasa na kwamfuta, irin KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna. Abin da ya rage shi ne su bi unguwa-unguwa da farashi guda mai sauƙi, maimakon jiran mutum ya zo ofis. Dokar ta ba gwamna damar wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsa, ba sai an gyara tsarin mulki ba.

Bashin kuma ya bi yadda ake ginin: kuɗin rufi bana, kuɗin masai da filasta baɗi, a biya cikin shekara biyu ko uku, ta hannun ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ma'aikata da suka san mambobinsu. A ba da kayan gini a kan farashin da aka yi ciniki a kai tun farko, kamar yadda bankunan Jaiz da TAJ ke yi, sai matsalar riba ta kau.

Manya za su kwashe filayen

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan abin da nake faɗa, kuma ta sha faruwa. Rabon fili ya daɗe yana zama ladan 'yan siyasa. Amma gidajen da aka gama ginawa ma su ke kwashewa, kuma a can tallafin da suke haɗiyewa ya fi girma. Ana rage ɓarnar da abubuwa sanannu. Ƙaramin fili a unguwar talakawa ba ya jan hankalin mai kuɗi kamar babba. A yi ƙuri'a a bainar jama'a, a liƙa sunaye, mutum ɗaya fili ɗaya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Takardar dindindin kada ta fito sai an gina ɗaki da masai an tare, cikin shekara uku, in ba haka ba filin ya koma ga na gaba a layi. Filayen da aka kewaye aka bari shekara da shekaru a tsakiyar gari kuma a ninka musu kuɗin ƙasa.

Masu cewa kwangilar gidaje tana samar da aikin yi, ai birkila da kafinta da mai walda da direban tifa sun fi samun aiki a unguwar da magidanta dubu ke gini a lokaci guda, kuma kuɗin a garin yake zama.

Siminti fa?

Buhun da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura 10,000 a farkon 2024, har gwamnati ta zauna da kamfanoni aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar, bayan an shafe shekaru ana kare su daga simintin waje, kuma dutsen da ake yin sa a Obajana da Kalambaina ake haƙo shi. Hukumar kare masu saye tana da aiki a nan. Tsadar tana kashe mutane ta wata hanya: buhun da ya kamata ya ba da bulo mai inci tara kusan 30, wasu masu buga bulo suna miƙa shi ya ba da 50, sai katanga ta jiƙa ta faɗo wa yara.

Akwai tubalin jar ƙasa da ake matsewa da inji, ana haɗa shi da siminti kashi 5 zuwa 8 kawai. Ya fi bulo sanyi a zafin Arewa. Yana lalacewa ne idan ƙasar ta cika yumɓu sai ya tsattsage, ko ba a rufe shi an riƙa yayyafa masa ruwa mako biyu ba, ko ba a ɗaga harsashi da dutse da siminti ba, ko bakin kwano bai fito ya kare bango daga feshin ruwa ba. Jama'a suna yi masa kallon ginin talauci, kuma ba za su daina ba sai sun ga gwamnati ta gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da shi, hukumomin tsara birni kuma sun amince da shi a taswirar gini.

Wanda ba zai iya gini ba

Akwai waɗanda ko an ba su fili ba za su iya aza bulo ɗaya ba: matan da mazajensu suka rasu suka bar marayu, tsofaffi, naƙasassu, da 'yan gudun hijirar Borno da Zamfara da Katsina, da waɗanda ambaliyar madatsar Alau ta raba da muhallinsu a Maiduguri a Satumbar 2024. Su ne ya kamata a gina wa gida cikakke da kuɗin jama'a, kamar yadda aka sake gina ƙauyen Ngarannam a ƙaramar hukumar Mafa aka mayar da mutanensa a 2022. Irin waɗannan gidaje a birni kada a sayar da su. Su zauna a hannun hukuma a matsayin haya mai rahusa, a ware wani kaso na kuɗin hayar don gyaran rufi da kwashe masai, idan mai ciki ya samu hali ya tashi wani ya shiga. Da zarar an sayar, kamar yadda aka yi da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja a zamanin Obasanjo, mutum ɗaya ya amfana sau ɗaya, ma'aikacin da aka ɗauka bayansa kuma ya nemi haya a Mararaba ko Suleja.